Amsa: Ko zan iya jira sai na tsufa kafin in tuba?

Ɗan'uwa ka ce ɓarawon nan na kan gicciye a ƙarshen ransa ya tuba kuma Yesu ya karɓe shi, to me zai hana kai ma ka ɗan ci duniyarka tukuna. Gaskiya ne fa ya karɓe shi, yana nan a Luka 23, amma ka manta su biyu ne aka gicciye tare da Yesu, ɗayan bakinsa zagi yake yi, kuma shi wanda ya tuban ai ya san ranarsa ta zo, kai wa ya faɗa maka taka?

Akwai wani ɗan kwayarmu, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ranar Asabar muka yi rihazal tare har yana tsokanata wai muryata ta kwaɗi ce, Lahadi da safe a hanyar coci mota ta kaɗe babur ɗinsa. Rigar kwayarsa na cikin leda a goge. Ba wai ya fi mu zunubi ba ne, Yesu da kansa ya faɗi haka kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa a Luka 13, sannan ya ce wa masu sauraro su tuba.

Kuma tuba ba kuka a gaban bagadi kawai ba ne, dubi Zakka mai karɓar haraji a Luka 19, ninki huɗu ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta. In akwai abin da ke riƙe ka, samu fastonku ku zauna yau ɗin nan.