Amsoshin Wasiƙunku: Kuɗin Adashe, Allon Zane da Kafin Alƙalami

Wani matashi daga Kano ya rubuto: "Na kwashi adashe, ina so in sayi iPad in fara zanen littattafan yara. Wani a Farm Centre ya ce zai haɗa min da alƙalaminsa a farashi mai rahusa. In saya?"

Ƙanena, dakata tukuna. Duk tsawon wasiƙarka ba ka ce wani ya taɓa biyan ka ko sisi a kan zane ba, kuma wannan ɗabi'a ce da ke ci min tuwo a ƙwarya. Yaro zai ga masu zane a Instagram riƙe da allo mai sheƙi, ya ɗauka a nan gwanintar take, ya zuba kuɗin shekara guda, bayan wata uku allon ya koma abin kallon ƙwallo. Marubuci ko kamfanin ɗab'i ba ya tambayar na'urarka. Abin da zai duba shi ne ko za ka iya zana yarinya ɗaya a shafi goma, tana gudu, tana kuka, tana leƙe ta bayan zaure, kuma fuskarta ba ta sauya ba. Zai duba ɗaurin zanin uwarta, karin hular mahaifinta, lallen hannunta, ko sun yi kama da na gida. Fensir da takarda sun isa ka koyi wannan.

In ma ka nace, rahusar nan ita ce abin tsoro. Alƙalamin Apple na jabu ya cika kasuwa, har da kwalinsa. Ka buɗe manhajar zane a gaban mai shagon, ka ja layi a hankali sannan ka danna. In layin bai yi kauri ba, alƙalamin ba ya jin nauyin hannu, ka ajiye musu kayansu. Ko na ainihin da Apple ya fitar a 2023 mai kafar USB-C ba ya jin nauyi, saboda haka tambarin kamfani kaɗai bai wadatar ba. Sannan ba kowane alƙalami ke aiki da kowane iPad ba, kuma iPad na gama-gari, waɗanda ba Pro ba, da suka riga na 2018 ba sa karɓar alƙalamin Apple sam. Ka sa a goge na'urar gaba ɗaya kana tsaye, domin in tana ɗaure da asusun Apple (iCloud) na wani, ka sayi ƙarfe. Ka duba ko an taɓa canja gilashin, ka karɓi rasit.

Shawarata: in kana da kwamfuta, sayi ƙaramin allon zane marar gilashi na Huion, XP-Pen ko Wacom, ka sauke manhajar zane ta Krita, kyauta ce. Ragowar kuɗin ka tanadi abin caji ko ɗan ƙaramin sola, tunda ka san halin wutarmu, kuma mai aiki ba zai karɓi "an ɗauke wuta" a matsayin uzuri sau biyu ba.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce ta gama zanen shafuka 12 na littafin wani marubuci, kullum sai ya sa ta gyara, kuma ya ce zai biya idan littafin ya fito an sayar. Tana tsoron yin magana kada ya fasa.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba ki yi laifi ba, kuma neman haƙƙinki ba rashin kunya ba ne. Tela ma sai an ba shi kafin alƙalami yake sa almakashi. Ki rubuta masa cikin ladabi: "Malam, ga abin da na kammala, ga kuɗinsa, zan ci gaba da zarar an biya rabi." Kada ki tura cikakkun hotunan, ki aika ƙanana masu ɗauke da sunanki a kai. Nan gaba ku rubuta komai tun farko: yawan shafuka, ko har da bango, ranar miƙawa, da gyara sau nawa. Sau biyu ya isa, kuma a matakin zanen fensir, kafin a sa launi. Abin da ya wuce haka da kuɗinsa. Ki kuma sani cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, miƙa haƙƙin aiki ga wani sai a rubuce. Don haka ki fayyace ko zanen na wannan littafin ne kawai, ko zai iya buga shi a kalanda da jakar makaranta, kuma ki nemi a sa sunanki a littafin. In ya fasa saboda wannan, dama can ba shi da niyyar biya.

Daga Maraɗi: "Zanena na da haske a waya, amma da aka buga ya fito duhu-duhu."

Malam, gilashin waya yana aiki da RGB, wato haɗin hasken ja, kore da shuɗi, injin ɗab'i da CMYK, wato haɗin tawada kala huɗu, kuma shuɗi da kore masu ƙyalli su suka fi dushewa. Ka yi aiki a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci na hoton), ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka daina tura aiki a matsayin hoto ta WhatsApp domin yana matse shi. Ka nemi maɗaba'a ta buga shafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar kafin a saki injin.

Wani kuma yana tambayar wace manhaja ce zai ɗauko hotunan katun daga intanet ya sauya musu kaya ya sayar wa makarantu.

Babu. Sata ce, kuma ba zan taya ka ba. Ka ɗauki fensir ka zauna a ƙofar makarantar allo ko bakin rijiyar unguwarku, ka zana yaran da ke gabanka.