Me ya sa ba a ga Alexandra Recchia a gasar Olamfik ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya wannan Bafaranshiya, zakarar duniya a karate, ba ta taɓa fafatawa a Olamfik ba. Ba ƙwarewa ta rasa ba. Sau biyu ta ɗauki kambun duniya a ajin ƙasa da kilo 50: a Paris a 2012, gaban 'yan ƙasarta, sai a Linz ta Ostiriya a 2016. Kuma lauya ce, ka ga ƙoƙari!

Lokaci ne ya saɓa mata. Duk shekarun da take ganiyarta, babu karate a Olamfik. Sai a Tokyo aka saka shi, aka kuma taƙaita azuzuwan nauyi na mata zuwa uku, mafi ƙanƙanta kilo 55. A wasan da tsawon ƙafa da hannu ke kai ka ga maki, kilo biyar ba wasa ba ne ga ƙaramin jiki. Ba ta samu gurbi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ɗan karate Steven Da Costa ya kawo wa Faransa zinare daga Tokyo, amma da gasar ta zo Paris a 2024, babu karate a cikinta.