Akori-kurar gona: amsoshin tambayoyin manoma kan lodi, tsatsa da matsalar inji

Tambayoyin da suka taru mini a wannan karon kusan duk kan mota suke, ba kan iri ko taki ba. Ban yi mamaki ba, don lokacin kwasar amfanin gona ne akori-kura ke nuna halinta. Na zaɓi waɗanda aka fi maimaitawa, zan kuma fara da wadda ta fi cin aljihun mutane.

Wani manomin masara ya rubuto: "Malam, ina da Hilux mai ƙofa huɗu. Idan na ɗora mata buhu 15, kowanne kilo 100, sai bayanta ya zauna, gaba ya ɗaga. Makanike ya ce a ƙara mata sifirin biyu a kowane gefe. In yarda?"

Ɗan'uwa, kafin ka yarda zo mu yi lissafi. Buhu 15 kilo 1,500 ke nan. Motocin wannan aji, wato Hilux da Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 da Nissan Navara da Ford Ranger, yawancinsu an ƙera su ne su ɗauki wajen tan ɗaya, kilo 1,000, wata ta ɗara kaɗan wata ta gaza. Abin da mutane ke mantawa shi ne a cikin wannan tan ɗin har da kai direba, da duk wanda ya shiga ciki, da duk ƙarfen da aka walda wa motar bayan ta bar masana'anta. Idan ku huɗu ne, kowa kilo 70, an riga an cinye 280. Saura 720, buhu bakwai ke nan da ɗan canji. Kai kuwa kana ɗora ninkinsa. Duba jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya da iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Wannan lambar ce gaskiyar motarka, ba abin da ido ya gani ba.

Ƙarin sifirin zai ɗaga bayan, babu musu. Sai dai aksul ɗin na nan yadda yake, haka boris, haka birki, haka tayoyi, haka shasin da motar ke zaune a kai. Zaman bayan nan saƙo ne motar ke aiko maka, makaniken kuma so yake ya toshe bakin ɗan aike. Mai ƙofa huɗu ma tana da wata matsala ta daban: gidan zama ya cinye tsawon, saboda haka kusan rabin bodin yana bayan tayar baya. Duk buhun da ya zauna can kusa da marfin baya yana danna wutsiyar motar ƙasa yana ɗaga goshinta. Sitiyari ya yi sako-sako, tayoyin gaba waɗanda su ke yin mafi yawan aikin birki su rage kama ƙasa, fitila ta koma haska sama. Ranar da aka faɗa rami da gudu a wannan hali, shasi kan lanƙwashe daidai tsakanin gidan zama da bodi. Na taɓa ganin wadda hakan ta faru da ita, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe daga sama har hannu na shiga. Mai ita garin gudun sawu biyu ya yi wata guda yana hayar motar wani.

Shawarata a nan: ka raba kayan sawu biyu, ko ka nemi ƙaramar tirela. Masu nauyi su jingina da bangon gidan zama, a shimfiɗe ƙasa-ƙasa, masu sauƙi su koma baya. Idan kuwa motar a zaune take ko babu kaya, to sifirin ya gaji, a sauya na gefe biyun tare, a duba shok da robobinsa.

Tun da muna kan lodi, bari in tsoma zancen taya ko da ba ka tambaya ba. A gefen kowace taya akwai lambar nauyi bayan girmanta. Idan ka ga 100, kilo 800 take ɗauka. Idan 112 ce, kilo 1,120. Tayar da aka yi wa alamar LT ko C ita ce ta ɗaukar kaya, gefenta ya fi kauri. Takardar da ke manne a bakin ƙofa takan ba da awon iska biyu, na mota wayam da na mota da lodi, kuma ana aunawa ne kafin taya ta ɗauki zafi. Akwai kuma lambobi huɗu a jere da ke faɗin shekarunta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar gona sau da yawa tsufa da rana ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba.

Wani mai lambu ya ce yana son ya riƙa kai ruwa wurin renon dashe da tanki mai lita 1,000, amma zai cika shi rabi kawai don ya sauƙaƙa wa motar.

Niyyar mai kyau ce, dabarar ce ke da haɗari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cikakken tankin ya riga ya kai tan kafin a sa nauyin tankin kansa. Rabin tanki kuma ya fi wuyar tuƙi, domin ruwan na da wurin kai-komo. Ka taka birki, kilo 500 ya taho gaba ya tura ka. Ka sha kwana, ya kwanta gefe guda. Ka nemi tanki mai lita 500 ko 600 ka cika shi taf, ka ɗaure shi ta kusurwa huɗu a jikin bangon gaba.

Wata Hajiya mai noman shinkafa ta tambaya: "Na sa wa bodin motata shimfiɗar roba mai tauri tun tana sabuwa. Da aka ɗaga ta kwanan nan sai ga tsatsa ta huda ƙarfen wuri uku. Me ya jawo, alhali don kariya na sa?"

Hajiya, takin zamani ne ya yi miki wannan aiki, robar kuma ta rufa masa asiri. Yuriya da NPK suna jan danshi daga iska, fotash ɗin da ke cikin yawancin taki kuwa gishiri ne, ɗan'uwan wanda ke cin ƙarfe a bakin teku. Ƙwaya kaɗan ta zube daga buhu, ta gangara ta gefen robar ta shige ƙasa, raɓa ko ruwan sama ya same ta, sai ta zauna can wata da watanni tana ci. Robar da ake jefawa a ciki kuma tana motsi idan ana tafiya, tana goge fenti, ta buɗe wa tsatsar ƙofa. Kashin kaji da fitsarin dabbobi ma haka suke yi.

Yanzu a kankare wuraren har sai an ga farin ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen a walda sabo, a shafa fentin hana tsatsa. Bayan nan ki zaɓi ɗaya: ko kariyar da ake fesawa ta manne da ƙarfen babu rata, ko tabarmar roba mai laushi da mutum ɗaya zai iya janyewa. Duk ranar da aka ɗauko taki a shimfiɗa tamfol tukuna, a kuma wanke bodin da ruwa mai yawa a ranar, har ƙarƙashin motar da ramukan da ruwa ke tsiyayewa. Maganin feshi kuma kada ya shiga gidan zama, kada kuma ya haɗa sawu da hatsi ko abincin dabbobi. Galan ɗaya ya tsiyaye, an yi asarar lodin duka.

Tambaya ta gaba mutum uku suka aiko ta da kalmomi daban-daban: mota mai dizal tana rasa ƙarfi a hawa, tana fizga, wani lokaci wata fitila ta kama a gaban direba.

A gona, abu biyu nake fara zargi kafin a taɓa inji: mai da iska. Manomi yakan ajiye dizal a duro ko jarka. Duron da ba a cike yake ba yana tara gumi a ciki saboda zafin rana da sanyin dare, ruwan ya kwanta ƙasa tunda ya fi dizal nauyi, ga ƙura ga tsatsar duron. Tsofaffin injuna suna haƙuri da wannan har wani mataki. Na zamani ba sa yi, domin famfonsu na tura mai da matsi mai kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ta ramukan nozul da suka kusa silin gashi ƙanƙanta, kuma dizal ɗin ne da kansa ke zame wa famfon man shafawa. Ruwa ya shiga, sai gogayya da tsatsa, sai a koma zancen sauya famfo da nozul gaba ɗaya. Wannan fitilar sau da yawa cewa take ruwa ya taru a gindin filtar mai. Akwai ɗan murfi a ƙasanta da ake sassautawa, ruwan ya zuba har sai tsantsar dizal ta fara fitowa, a ɗaure, a danna famfon hannu da ke saman filtar. Aikin minti biyar ne. Duronka kuma ka jingine shi a karkace, ka bar shi ya kwana bayan an cika, kada ka zuƙo daga can ƙasa, ka riƙa tacewa.

Filtar iska kuwa, lokacin sussuka da casa tana iya toshewa cikin 'yan makonni, ko da littafin motar ya ba ta dubban kilomita. Kada a hura ta da iska mai ƙarfi, takardar takan tsage yadda ido ba zai gani ba, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji ta riƙa cin zoben fistin kamar yashi. A kaɗe ta a hankali, idan ta yi baƙi a sauya. Littafin kowace mota yana da jadawali na biyu na aiki mai tsanani, ƙura da jan kaya da gajerun tafiye-tafiye, kuma motar gona a nan take. Wannan jadawalin yakan rage tazarar juyen baƙin mai zuwa wajen rabi.

Sababbin motoci da yawa suna da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda sai ta yi zafin wajen digiri 600 take ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a ciki ta wanke kanta. Motar da kullum daga gida sai gona a giya ta biyu ba ta samun wannan zafin, sai matatar ta cushe ƙarfi ya ragu. A riƙa ba ta tafiyar rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya lokaci-lokaci. Kuma saboda wannan zafin, kada a ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa ko tarin ƙaiƙayi.

Wani matashi ya ce tun da damina ta kama ya bar motarsa a 4H, wato giyar da tayoyi huɗu ke ja, yanzu idan zai sha kwana a kan kwalta sai ta riƙa cijewa tana ƙara.

Cire ta yau. A yawancin akori-kura, sa giyar tayoyi huɗu na kulle gaba da baya su juya da gudu ɗaya, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin zagaye mai faɗi. A taɓo ko yashi taya na zamewa ta sauke wannan bambancin, a kwalta ba ta da inda za ta zame, sai ƙarfin ya koma kan furofela da akwatin raba giya. Kwalta 2H, wato tayoyin baya biyu kawai ke ja, taɓo da yashi 4H, 4L kuma, wato ƙaramar giyar tayoyi huɗu, sai hawa mai tsauri ko janyo kaya a hankali, ana kuma tsayawa cak kafin a shiga da ita. Idan ta ƙi fita, yi baya 'yan mitoci a miƙe. Wanda kuma ya ƙetare ruwan da ya kai aksul, ya sa a duba man da ke cikin aksul ɗin. In ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a juye.

Sai mai cewa motarsa na zafi idan ta yi lodi, an ba shi shawarar a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zagayawar ruwan inji. Wannan gyaran gira ne da kan kai ga rasa ido. Tamostat ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale, in ya maƙale kuwa sabo ake sawa. Leƙa gaban lagireto tukuna, a motar gona yawanci za ka tarar ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa sun yi masa bargo. A wanke daga ciki zuwa waje da ruwa marar ƙarfi, a duba fambel da murfin lagireto, a daina zuba zallan ruwa, don ruwan sanyaya inji na gaskiya yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Allurar zafin inji ta haura, a tsaya, kada a buɗe murfi da zafi. Ci gaba da tafiya a haka shi ke ƙone gaskit.

Na ƙarshe ya sayi akori-kura ta hannu, yana tambayar kayan da zai fara sa mata: ƙaton ƙarfen gaba, manyan tayoyi, ko fitilun sama.

Ni ba ko ɗaya zan fara da shi ba. Ƙarfen gaba na cin kason lodinka, manyan tayoyi na rage ja suna ƙara shan mai suna wahalar da kulochi. Fara da tambayar yaushe aka sauya bel ɗin taimin, in injin mai bel ne. A Hilux mai injin 1KD ko 2KD ana sauya shi a kilomita 150,000, kuma in babu shaida ka ɗauka ba a sauya ba. A juye man birki, don yana shan danshi, shekara biyu ta ishe shi. Sannan ka sayi tamfol, da bel huɗu na ɗaure kaya, da gejin taya da ƙaramin famfon iska, da shebur, da tukunyar kashe gobara, da katako mai faɗi da jak zai zauna a kai a ƙasa mai laushi. Ka haɗa da igiyar ja mai ƙarfi, amma ranar da ka kafe kada a rataya ta a ƙwallon jan tirela, yakan tsinke ya taho kamar harsashi. A ɗaura ta a ƙugiyar da ke manne da shasi, masu kallo kuma su ja baya.