Koriyar alkyabba a lambar Sava

Tambaya: Malam, wani dillali a intanet ya tallata mini lambar girmamawa ta Waliyyi Sava ta ƙasar Sabiya, ya ce ta zamanin sarkin ƙasar, Milan, ce. Gicciye ne mai fari da shuɗi, hoton waliyyin da ke jikinta na sanye da koriyar alkyabba, a bayanta an rubuta 1883. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, lambar na iya zama ta gaske, amma labarin dillalin bai zauna ba. 1883 shekarar da Milan ya ƙirƙiro lambar ce, ba shekarar da aka ƙera taka ba. Na zamaninsa haruffan sunansa ne a baya. Sai bayan da sarauta ta koma gidan Karajorjebic a 1903 aka maye gurbinsu da shekarar. Alkyabbar ma ta tona asiri: ja ce a da, koriya ta zo ne daga baya, a shekarun 1920, kuma irinta sun fi yawa a kasuwa, don haka kuɗinta bai kai na mai jar alkyabba ba.

Ka nemi hoton kusa. Dubi mikiyoyi masu kai biyu da ke tsakanin rassan gicciyen: a ta asali gashin fikafikansu a fayyace yake, a jabu kuwa ya cuɗe, da 'yan ramuka irin na zubi. Ya kamata launin ya zama narkakken gilashi mai tauri, ba roba ba. Duba zoben rataya ko akwatin don sunan maƙeri, kamar kamfanin Huguenin na Siwizalan. Ni dai dillalin da ya ƙi turo hoton baya ba na ciniki da shi. In ka saya, kada ka goge ta da man goge ƙarfe. Darajarta za ta faɗi.