Ga malamin da aka kulle wa kwamfutocin makaranta

Malam, da na karanta tambayarka cewa an kawo wa makarantarku kwamfutoci amma shugaban makaranta ya kulle su, kai kuma ba ka san ta inda za ka faro ba, sai na ji kamar labarina kake bayarwa.

Matsalar ta girme mu. A 1983 kamfanin Apple ya raba wa makarantun jihar Kalifoniya ta Amurka kwamfutoci kusan 9,000 kyauta, kuma ba don Allah kaɗai ya yi ba, domin yaron da ya saba da na'urarka a aji shi ne mai sayenta gobe. A Ingila kuwa, da kwamfutar BBC Micro ta fito a 1981, an haɗa ta da darussa a talabijin, gwamnati kuma ta ɗauke wa makarantu rabin kuɗinta, shi ya sa ta zauna da gindinta. Shirin samar wa yara kwamfutar dala 100 da masanin fasaha Ba'amurke Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005 ya fi yin tasiri a ƙasar Uruguwai, inda aka tanadi intanet da masu gyara.

Mu namu, ɗan kwangila ya sauke kwamfutocin, aka ɗauki hoto, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Shugabanmu ya lulluɓe su da leda, ya sa makulli a aljihu, wai kada yara su ɓata. Ranar da masu duba makarantu suka zo aka yaye ledar, ga kashin ɓera a kan madannan rubutu, wayoyi duk an gwaigwaye, rabin kwamfutocin ko motsi ba su yi ba. A gaban ɗalibaina shugaban namu ya nuna ni da yatsa ya ce ni ne malamin kwamfuta, a tambaye ni. Ni da ko ƙofar ɗakin ban taɓa buɗewa ba! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don Allah kafin komai ka rubuta lambar kowace na'ura, a kunna ta a gaban shaidu, shugaban ya sa hannu. Ka nuna masa cewa ajiya ma tana kashe kwamfuta, domin ƙaramin batirin da ke cikinta yana mutuwa, danshi kuma yana cin kayan ciki. Kada ka jira intanet, manhajar Scratch, wadda ake koya wa yara tsara manhaja da ita, tana aiki ba tare da shi ba. Ka kuma jawo wani malami ka koya masa, don kada ranar tuhuma ta same ka kai kaɗai.