Ciwon Endometiriyosis da Batun Haihuwa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, shekarata 28, kuma shekara uku ke nan da aurena ban taɓa ko ɓatan wata ba. Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara lokacin al'ada har ba na iya tashi, an sha ba ni maganin sanyi amma ba a dace ba. Kwanan nan aka ce ina da endometiriyosis. Mene ne shi, kuma ba zan haihu ba ke nan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da take yin kauri kowane wata domin tarbar ciki, idan cikin bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. Endometiriyosis shi ne nama irin na wannan shimfiɗa ya tsiro a inda ba muhallinsa ba, kamar a kan gidan ƙwai, ko bututun da ƙwai yake bi zuwa mahaifa, ko bayan mahaifa, wani lokacin har jikin hanji ko mafitsara. Shi ma wannan naman yana bin sinadaran da suke juya al'ada, sai ya kumbura ya yi jini duk wata, amma jinin ba shi da mafita. Daga nan ake samun kumburi da tabo, kayan ciki su manne da juna, ko kuma ƙullutu ya fito a gidan ƙwai cike da tsohon jini mai kauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da wannan ciwo, wato kimanin mata miliyan 190 a duniya. A cikinsu, kashi 30 zuwa 50 cikin 100 suna shan wahala kafin su sami ciki, ko don tabo ya toshe bututun ƙwai ko ya karkatar da shi, ko don kumburin yana cutar da ƙwai da maniyyi, ko ma don zafin saduwa ya sa ma'auratan sun rage kusantar juna. Ki lura da cewa rabi ko fiye suna haihuwa ba tare da wata matsala ba, kuma da yawa daga cikin sauran suna dacewa bayan magani. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya a labarinki shi ne shekarun da aka ɓata ana ɗura miki maganin sanyi, domin wannan ciwo ba ƙwayar cuta ce take kawo shi ba, saboda haka maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai.

Tambaya: Likita, matata tana da wannan ciwo, an ɗora ta a kan ƙwayoyin tazarar haihuwa, ciwon kuma ya yi sauƙi sosai. To amma mu haihuwa muke nema, ga shi ta kai shekara 34. Yaya za mu yi?

Amsa: Malam, ka yi tambaya mai muhimmanci, kuma na yaba da yadda ka tsaya wa iyalinka. Magungunan da suke kwantar da wannan ciwo, irin su ƙwayoyin tazarar haihuwa da allurai da robar da ake sa wa a mahaifa mai ɗauke da sinadari, galibinsu suna hana ɗaukar ciki muddin ana kansu, kuma shan su na watanni ba ya ƙara wa mace damar samun ciki bayan ta daina. Don haka dole ku fito fili ku gaya wa likitan mata cewa haihuwa ce a gabanku, domin tsarin maganin ya canza.

Kafin a yi maganar tiyata, ya kamata a auna maniyyinka, a yi wa uwargida hoton da yake nuna ko bututun ƙwai a buɗe suke, a kuma yi gwajin jini da yake nuna yawan ƙwan da ya rage mata. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha a cikinsu, kuma ba daidai ba ne a yi wa mace aiki alhali ba a san halin da mijinta yake ciki ba. Idan ciwon bai yi tsanani ba, aikin da ake yi ta 'yan ƙananan huji, a zura kyamara ta cibiya a cire naman ko a ƙona shi, yana ɗan ƙara damar ɗaukar ciki. Amma ina jan hankalinku game da ƙullutun gidan ƙwai: duk lokacin da aka fere shi, ana iya tafiya da wani ɓangare na lafiyayyen ƙwai, shi ya sa maimaita aiki sau biyu ko uku a wuri ɗaya yakan yi ɓarna fiye da gyara. Idan bututun sun toshe, ko an yi aiki an jira ba a dace ba, dashen ciki, wanda aka fi sani da IVF, shi ne hanya mafi ƙarfi, domin a waje ake haɗa ƙwai da maniyyi sannan a mayar cikin mahaifa, ba a buƙatar bututun. Yana da tsada, kuma ba kowane gwaji ake dacewa ba. A shekarunta ba zan ba ku shawarar dogon jira ba, idan wata shida ya wuce da daina maganin babu labari, ku koma asibiti.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 17 takan rasa makaranta kwana biyu ko uku duk wata saboda ciwon mara. 'Yan'uwa suna cewa idan ta yi aure ta haihu zai daina.

Amsa: Hajiya, idan endometiriyosis ne yake damunta, aure ba magani ba ne ga wannan ciwo, haihuwa ma ba ta warkar da shi. Ciki da shayarwa sukan kwantar da shi saboda al'ada ta tsaya, amma yakan dawo idan ta dawo. Ciwon da yake hana yarinya makaranta ya wuce a ce mata ta yi haƙuri, ki kai ta wurin likitan mata, kuma kada ki saki jiki don hoton ciki ya nuna babu komai, domin ƙananan tsiro ba sa fitowa a hoto.

Tambaya: Likita, ina da endometiriyosis, yanzu Allah ya ba ni ciki wata biyu bayan shekara biyar. Ina cikin fargaba, ko ciwon zai taɓa jaririn?

Amsa: Ina taya ki murna, Allah ya raba lafiya. Mafi yawan masu wannan ciwo suna rainon cikinsu su haihu kalau. Sai dai haɗarin wasu abubuwa yana ɗan ƙaruwa a kansu: zaman ciki a wajen mahaifa, ɓari, haihuwar bakwaini, da saukowar mabiyiya ta tare bakin mahaifa, wadda takan sa a haihu ta hanyar tiyata. Saboda haka ki yi hoto yanzu a tabbatar cikin yana cikin mahaifa, ki fara awo da wuri, ki sanar da su tarihin ciwonki da duk aikin da aka taɓa yi miki, kuma ki riƙa shan folik asid kullum. Ki ajiye magungunan ciwon mara irin su ibuprofen da diclofenac da kika saba sha, sai da izinin likita, farasitamol ya fi aminci ga mai ciki. Idan kika ga jini, ko kika ji matsanancin ciwo a gefe ɗaya na mara, ko jiri ya ɗebe ki, kada ki jira ranar awo ko wayewar gari, a kai ki asibiti nan take.