Kamfani Zai Bar Tsohon Bututun Mai a Ƙasan Teku: Wane Haƙƙi Masunta Ke da Shi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ne sakataren ƙungiyar masunta. Ƙaguwa da jatan lande muke kamawa kusa da wata tsohuwar rijiyar mai ta cikin teku. An daina haƙa, kamfanin kuma ya ce zai bar bututunsa a ƙasan ruwa. Mun ji cewa akwai abin da ke fitar da tururin nukiliya a ciki. Za mu iya hana su, ko diyya za mu nema?

Amsa: Malam Sakatare, abin da kuka ji yana da tushe. Ruwan gishirin da ke fitowa tare da ɗanyen mai yana ɗauko sinadarin radiyom, mai fitar da tururin nukiliya, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A hankali yake daskarewa a jikin bututu ta ciki, ya zama ɓawo mai tauri, sai an kankare yake fita. Radiyom 226 yana ɗaukar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma daga gare shi ake samun dalma 210 da poloniyom 210, su ma masu fitar da wannan tururi. Ƙarfen bututu ba zai kai ko kusa da wannan wa'adi ba. Ranar da tsatsa ta huda shi, ɓawon zai zube cikin laka, tsutsotsin da ke cin laka su haɗiye, ƙaguwa ta cinye tsutsa, ku kuma ku ɗago ƙaguwar a komarku.

A dokar duniya kuna da madogara. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, sashe na 60, ta ce a cire gine-ginen da aka daina amfani da su, a kuma yi la'akari da kamun kifi da lafiyar muhallin teku. Sashe na 235 ya ɗora wa ƙasashe nauyin buɗe hanyar neman diyya a dokokinsu. Sai dai gwamnatoci ta ɗaure, ba za ku riƙe ta ku kaɗai ku maka kamfani a kotu ba. Yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku ta haramta zubar da sharar nukiliya a teku tun 1993, amma a nan gizo ke saƙar: ƙarin yarjejeniyar na 1996 bai ɗauki barin bututu a inda aka shimfiɗa shi a matsayin zubar da shara ba. Ta wannan ƙofar kamfanoni ke bi. Saboda haka dokar ƙasarku da sharuɗɗan lasisin kamfanin su ne za su raba gardama.

Maganar diyya, ba zan ɓoye muku ba, hanya ce mai wuya. Sai kun nuna asarar da ta riga ta faru, kun kuma nuna cewa bututun ne sanadi. Lauyan kamfani zai miƙe ya ce poloniyom 210 dama yana jikin halittun teku masu ɓawo ko'ina a duniya, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da zai karya wannan hujja shi ne awo. A ɗebo laka da ƙaguwa daga gefen bututun, a ɗebo irinsu daga wuri mai nisa, ɗakin gwaji mai zaman kansa ya kwatanta. A rubuta rana da wuri da sunan wanda ya ɗeba da duk hannun da samfurin ya bi, domin kwalbar da ba ta da wannan tarihi alƙali ba zai kalle ta ba. Ku adana takardun cinikinku na shekarun baya.

Ni dai shawarata, ku sa ƙarfinku kan hanawa tun hukuma ba ta sa hannu ba. Ku rubuta wa hukumar da ke sa ido kan haƙar mai, ku nemi shirin rufe rijiyar da rahoton tasirinsa ga muhalli da sakamakon awon cikin bututun. Ku shigar da ƙorafi a rubuce da sunan ƙungiya, ku nemi a cire bututun ko a wanke shi, a kuma ajiye kuɗin jingina na sa ido. A 1995 gwamnatin Birtaniya ta riga ta amince wa kamfanin Shell ya nutsar da Brent Spar, wani tsohon rumbun ajiyar mai na cikin teku, amma matsin lambar jama'a ya sa aka fasa.

Ku bincika kuma wa zai ɗauki alhaki idan kamfanin ya sayar da rijiyar ko ya karye. Ostireliya ta gyara dokarta a 2021 don a iya dawo da tsohon mai lasisi ya biya, amma ba kowace ƙasa ke da wannan tanadi ba.

Idan har an riga an ba da izini, wa'adin ƙalubalantar hukuncin hukuma a kotu yakan zama gajere ƙwarai. Kada ku bari wankin hula ya kai ku dare. Ku kai wa lauyan da ya san dokar muhalli takardar izinin cikin makon nan, ya duba ranar da aka sa mata hannu.